Ranar da Tasi'u Ya Tura Ni a Keke

Ni ɗan kasuwar takalma ne. Da baro na fara a Kano, ina tura silifa daga wannan kasuwa zuwa waccan, har Allah ya kai ni ga buɗe ɗan ofis a Guangzhou. Na faɗi wannan ne don a gane irin abin da ya same ni: mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana sayar wa jama'a abin taka ƙasa, shi aka wayi gari ƙafarsa ta ƙi taka ƙasa.

Da hantsi abin ya faru, a kan gadar masu tafiya da ƙafa ta Xiaobei, unguwar da 'yan kasuwarmu suke haɗuwa. Ina riƙe da jakar samfura sai hannuna na dama ya sake ta ba tare da na ba shi umarni ba. Na sunkuya zan ɗauka, sai na ga ƙasa ta taso ta same ni. Mutane suka kewaye ni. Ina son in ce a kira min Tasi'u, amma harshena ya zama kamar jiƙaƙƙen tsumma a bakina.

Alhaji Tasi'u sa'ana ne, layinmu ɗaya a gida, uwarsa ƙawar uwata ce. Ni na kawo shi China, ni na nuna masa harkar dakon kaya har ya tsaya da ƙafarsa. Shi yake loda min kwantena. Abu biyu ne kawai ban taɓa nuna masa ba, kuma babu ɗan kasuwa mai hankali da yake nuna su: masana'antar da take yi min kaya, da jerin masu sarin kayana a gida.

Akwai dalili. Takalmin 'yan China ƙafar 'yan China aka yi wa shi, siriri ne, kuma rana ta buge shi sau biyu sai ya buɗe baki. Shekara biyu na yi ina auna ƙafafun mutanenmu a kan kwali, ina kaiwa ana gwadawa, kafin aka ƙera min ƙarfen zubin tafin takalmi mai faɗi wanda yake jure zafin kwalta. Wannan ƙarfe yana ajiye a masana'antar wani dattijo da muke kira Lawban Wu, wato maigida Wu, a ƙauyen bayan Panyu. Ba a zuba wa kowa takalmi da shi sai ni. Wanda ya riƙe ƙarfen nan ya riƙe duk abin da na gina.

Kwana goma sha tara na yi a asibiti. Shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jinin da na daɗe ina yi wa rowar magani ya rama. Tasi'u bai bar ni ba. Shi ya yi ta zirga-zirga, shi ya karɓi wayata ya ce kiraye-kiraye za su hana ni hutawa. Na tuna wata rana ya ɗaga mataccen hannuna ya ɗora babban yatsana a kan wayar ta buɗe. Na ɗauka iyalina zai kira. Har hawaye na yi don godiya.

Da haɗarin ya wuce, likita ya ce gadon asibiti na masu sabon ciwo ne. Ba zan iya shiga jirgi ba tukuna, kuma ba zan iya zama ni kaɗai a ɗakina ba. Sai dai a kai ni gidan kula da tsofaffi, inda ake karɓar waɗanda aka sallama daga asibiti na wata biyu ko uku, a koya musu tafiya da cin abinci da sa riga, sannan su koma gida. Tasi'u ya zaɓo wani a Panyu. Ya ce akwai iska da shiru. Sai daga baya na lura akwai kuma nisa daga Xiaobei, ba kowa ne zai bar shagonsa ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ya canja layi don ya gaishe ni ba.

Gidan tsaf yake, yana ƙanshin citta da dafaffun saiwoyi. Hawa na uku shi ne namu, masu ɗan zama. Ni kaɗai ne baƙar fata. Ranar farko tsofaffin mata suka yi layi a bakin ƙofa suna leƙena, wata har ta shigo ta shafa hannuna ta duba tafinta. Ban ji haushi ba, na riga na saba. Abin da ya ƙona min rai shi ne cin abinci da hannun hagu, da kuma jiran wani ya kai ni bayan gida. Na roƙa aka ba ni namiji mai kula, wani shiru-shiru wanda cikin kwana uku ya koyi yadda ake yi wa mutum alwala. Nama kuwa na hana a sa min, sai kifi da ƙwai da ganye da wani kunun shinkafa marar gishiri wanda har yau idan na tuna shi sai bakina ya mutu.

Abokin ɗakina Tsoho Chan ne, tsohon matuƙin jirgin fito, an yi masa aiki a ƙugu. Yana da ƙaramar butar shayi da yake ɓoyewa a ƙarƙashin gado. Ba ma jin juna sosai, Sinancina na kasuwa ne, shi kuma yaren garinsu yake yi. Amma kullum da safe sai ya zuba min shayi, ya tsare ni da ido har sai na buga yatsu biyu a kan tebur, yadda mutanen wannan yanki suke yi wa mai zuba shayi godiya. Idan na buga da hagu sai ya girgiza kai ya nuna dama. Dama kuwa tana kwance a cinyata kamar ba tawa ba.

Mai koyar da motsa jiki sunanta Malama Lin, gajeriya, muryarta ta fi ta girma. Ta zo rana ta biyu ta ce in tashi. Na ce mata, ta bakin wayarta mai fassara, mu a wurinmu marar lafiya kwanciya yake yi, 'yan'uwa su yi masa komai har Allah ya kawo sauƙi.

"Mei yo," ta ce, wato babu. "A nan babu kwanciya. Wanda ya kwanta wata uku, keke ne gidansa."

Ban saurare ta ba. Sati biyu ina kai mata jikina kamar yadda ake kai kaya awo, tana lanƙwasa ƙafa ina kallon silin. 'Yan'uwa kuma suka ƙara min ƙarfin gwiwar lalaci. Ranar Juma'a bayan masallaci mutum uku ko huɗu sukan zo, kowa da man zaitun da zumarsa. Idan na miƙa hannu zan ɗauki kofi sai a yi caa.

"A'a, Alhaji, kada ka wahalar da kanka! A ba shi a baki mana."

Ƙauna ce, ban musa ba. Amma Malama Lin takan tsaya a ƙofa tana kallonsu kamar ta kama ɓarayi. Wata rana ta ƙwace cokali daga hannun wani babban Alhaji ta danƙa min a hagu, ta ɗora damata a kai. Ya fita yana cewa mutanen nan ba su da imani.

Ranar wata Talata Alhaji Isuhu ya zo shi kaɗai. Mutumin Maradi ne, yana sarin yadi, ba mu da wata hulɗa mai zurfi sai gaisuwa a gidan abinci. Ya zo da tuwon shinkafa da miyar kuka a kwano mai murfi, tun daga Xiaobei ya rungumo shi. Da na buɗe ƙanshin daddawa ya buge ni, sai da na juyar da kai don kada ya ga idona. Ya bar ni na ci da kaina, bai ce zai ba ni ba. Da na gama ya jawo kujera kusa.

"Elhaji, ni dai na ga kana magana, kana gane mutane. To mi ya sa aka ce ka ƙare?"

"Wa ya ce?"

"Ba ka ga bidiyon ba?"

Ya zaro salularsa. Ni ne a gadon asibiti, kwana na biyu ko na uku. Bakina ya karkace, miyau yana zuba, idona ɗaya a buɗe kamar na yankakken rago. Ga hannun Tasi'u yana share min baki da hankici, ga muryarsa tana rawa: "Jama'a, ga halin da ɗan'uwanmu yake ciki. A taya mu da addu'a. Likitoci sun ce sai dai wani ikon Allah. Harkokinsa duka ya damƙa a hannuna, masu jiran kayan Sallah kowa ya kwantar da hankalinsa, a tuntuɓe ni."

"Ya shiga kowane guruf," in ji Isuhu. "Kano, Maradi, Yamai, har Kumasi. Mutanenka duk sun koma wurinshi. Kuma an gan shi sau biyu ya tahi can bayan Panyu da tafinta. Ni ban iya ɓoye maka, don ni ma in na faɗi haka za a yi mini."

Na ce ya ara min salular. Na kira matata Rabi. Tun a asibiti na aika mata ta bakin Tasi'u cewa kada a faɗa wa Inna, a ce mata aiki ne ya yi min yawa.

"Rabi, Inna ta gani?"

Ta fashe da kuka. A gidan suna wata mata ta miƙa wa Inna waya ta ce, "Ashe haka ɗanki ya koma, Allah ya sa kaffara ce." Tsohuwa mai shekara tamanin, a tsakiyar taron mata, ta ga ɗanta yana zubar da miyau. Sai ɗaukar ta aka yi zuwa gida. Tun ranar ba ta cin abin kirki.

Zan faɗi gaskiya, ko da ba za ta yi wa malamai daɗi ba. Ba haƙuri ne ya tashe ni ba. Ba tawakkali ba ne. Ƙiyayya ce zalla, mai zafi, wadda na ji ta har a cikin ƙafar da ba ta jin tsinken allura. Da Tasi'u ya sace ƙarfen kawai, da na ce kasuwa ce. Amma ya ɗauki tsiraicina ya lulluɓe shi da addu'a ya raba wa duniya, ta yadda babu mai iya zarginsa. Wa zai ce neman addu'a laifi ne?

Na roƙi Isuhu abu biyu: ya sayo min wata ƙaramar waya, kuma duk wanda ya tambaye shi ya ce jiki sai a hankali.

Washegari Malama Lin ta same ni zaune a bakin gado, na sa wando da kaina, a karkace. Ta dube ni ta dubi wandon.

"Me ya faru?"

"Ina da inda zan je."

Ba ta ƙara tambaya ba. Ta kai ni ɗakin motsa jiki ta tsayar da ni tsakanin wasu dogayen ƙarafa biyu da ake dafawa. Taku uku na yi ranar, na huɗu gwiwa ta lanƙwashe na rataye a hammata kamar wanki. Da rana ta zube min wake a tebur ta ce in tsince ɗaya-ɗaya da dama in zuba a kwano. Ɗan kasuwar da yake loda kwantena, yana gumi a kan ƙwayar wake. Awa guda na tsinci bakwai.

Kowane taku sai na kira sunansa. Ba da niyya na fara ba, daga haƙorana yake fita. In ɗaga ƙafar, in jefa ta gaba, in ce "Tasi'u." Tsoho Chan, da yake gwada nasa ƙugun a gefe, ya ɗauka wata kalmar ƙarfafa gwiwa ce ta ƙasarmu. Shi ma ya kama. Kafin sati ya zagayo, duk tsohon da zai miƙe daga kujera a hawa na uku sai ka ji ya yi nishi ya ce "Tasi'u!" Ban gyara musu ba.

Na faɗi sau biyu. Na farko a bayan gida, na fasa leɓe. Na biyu a kan ƙaramar matakalar katako mai hawa huɗu da ake koyo da ita, kuma a ranar na ce na gaji, a bar ni. Malama Lin ba ta lallashe ni ba. Ta tsuguna ta ɗaure min igiyar takalmi, ta ce, "Wurin da za ka je ya matso kusa ne?" Na tashi.

Sai kuma wasan kwaikwayo. Ranar Juma'a Tsoho Chan yakan zauna a baranda, idan ya hango hula da doguwar riga a ƙofar gida sai ya buga sandarsa a ƙasa sau uku. In koma keke, in yafa tawul a wuya, in karkatar da kai, in saki hannu. A zo a yi min sannu, a ba ni ruwa a baki, in haɗiya. Na san duk abin da suka gani kafin la'asar ya isa kunnen Tasi'u. Malama Lin ta tsani abin.

"Sati biyar ina gina ka, kana zama kamar gawa a gaban abokanka. Wane irin mutum ne kai?"

"Ɗan kasuwa," na ce. "Ba a buɗe kaya sai mai saye ya iso."

Mai sayen, wato Tasi'u, ya iso a sati na shida. Ina ji tun daga baranda tsofaffi suna ta kiran sunansa, don wata ma'aikaciya ta karanta shi a littafin baƙi da ƙarfi. Ya shigo yana washe baki.

"Kai, mutumina, ashe har tsofaffin nan sun san ni!"

Ya zauna, ya kama hannuna, ya yi addu'a mai tsawo. Sannan ya gyara murya.

"Alhajin Allah, wata 'yar matsala ce. Ka san na tsaya maka a kan komai. Mutanenka na gida na yi musu alkawarin kayan Sallah don kada sunanka ya ɓaci. To wannan tsohon, Wu, ya kafe. Wai ƙarfen naka ne, ba zai zuba wa kowa ba sai ya gan ka ido da ido ka dangwala yatsa a takarda cewa ka miƙa min. Kuma ya ce idan aka rufe masana'anta don hutun sabuwar shekararsu ba a daidaita ba, zai ba wasu layin zubin, mu duka mu rasa. Kai dai kawai in kai ka, ka dangwala, in dawo da kai ka huta. Iyalinka ba za su wulaƙanta ba ina raye."

Na bar miyau ya ɗan taru a gefen bakina kafin na amsa.

"To... Ta-si-u. Sai... likita... ta yarda."

Ya share min baki da hankicinsa. Hankicin nan dai. Na riƙe hannun keke da hagu har farcena ya shiga roba.

Na nemi Malama Lin ta ce masa sai bayan kwana goma sha biyu. A kwanakin nan na yi aikin da ban yi ba tun ina tura baro. Ta ce da sanda zan iya taku arba'in, babu sanda kuwa bakwai ko takwas, kuma idan na faɗi a kan siminti ba ruwanta. Na ce bakwai sun ishe ni, na san ofishin Wu, daga teburin shayi zuwa taga bai fi haka ba. Ana gobe za mu tafi, Tsoho Chan ya kira ni ya ba ni sandarsa mai naɗewa, wadda 'yarsa ta kawo masa. Ya cusa ta a aljihun bayan keken da kansa, ya dafa kafaɗata ya ce, "Tasi'u." Na ce, "Tasi'u."

Da safe Tasi'u ya zo. Keken na gidan ne, sai da ya sa hannu a takarda cewa shi ya ɗauka kuma shi zai dawo da shi. Motar tasi ta sauke mu a bakin ƙauyen, don an kafa turakun ƙarfe a hanyar, mota ba ta shiga sai ta kaya ta wata ƙofar. Daga nan zuwa masana'anta tafiya ce mai ɗan tsawo, kuma hawa ce. Ni na san turi, na yi shekara shida ina yi. Tasi'u bai taɓa tura ko buhun gawayi ba. Ana sanyi mai ratsa ƙashi, amma kafin mu yi rabi ya jiƙe. Ni kuwa na saki jikina gaba ɗaya, na sa hannun hagu a ƙarƙashin bargo na ɗan ja birki, ba sosai ba, daidai yadda taya za ta yi nauyi.

"Wallahi, mutumina, ciwon nan bai rage maka ƙiba ba," ya ce yana haki.

"San-nu," na ce.

Rabona da jin daɗi irin na wannan hawan tun kafin in faɗi.

Lawban Wu yana zaune a bayan teburin shayinsa, 'yarsa a gefe don fassara. Da ya gan ni fuskarsa ta canja. Shekara tara muna hulɗa, bai taɓa ganina a zaune ba sai idan shayi muke sha. Ya wanke kofuna da ruwan zafi, ya zuba uku. Ga takarda a tebur, ga ƙaramin gwangwanin jan tawada a buɗe.

Tasi'u ya ɗauki kofina zai kai min baki. Na ɗaga hannuna na dama na karɓe shi. Yana rawa, shayin ya ɗan zuba a yatsuna, amma na kai shi bakina na sha na ajiye. Sannan na buga yatsu biyu a kan tebur.

Wu bai kalli fuskata ba, yatsun ya kalla. Ya ajiye butar a hankali.

Na yaye bargon. Na taka ƙasa da takalmina, irin wanda ake zubawa a masana'antar nan. Na miƙe. Ɗaya, biyu, uku. Ban kira sunan kowa da baki ba, a ciki na kira. A na biyar gwiwa ta yi min barazana, na tsaya na ja numfashi. Na bakwai na dafa taga na juyo.

"Lawban," na ce da Sinancina na kasuwa, "ƙarfe nawa ne. Wannan takarda, mei yo. Gobe a fara zubi."

Tsohon ya kwashe da dariya har yana buga cinya. Ya ɗauki takardar ya goge shayin da ya zuba a tebur da ita, ya rufe gwangwanin tawada.

Ba zan rage wa Tasi'u haƙƙinsa ba, yana da saurin juyi. Ya ɗaga hannu sama.

"Allahu akbar! Alhamdu lillahi! Allah ya amsa addu'armu!"

"Ya amsa," na ce. "Ta Inna ya amsa. Miƙo wayata."

"Haba, Alhaji, wallahi duk abin da na yi don kai..."

"Wayata, Tasi'u."

Ya miƙo. Na ce ya zaro min sandar da take bayan keken. Ya zaro yana kallonta, ina ganin lokacin da ya gane cewa tun daga bakin ƙauyen yake turo ta tare da ni.

"To yanzu mu koma ko?" ya ce, murya ta yi sanyi.

"Ni Lawban zai sa a mayar da ni a mota. Kai kuma ga keke nan. Kai ka sa hannu ka ɗauko, kai za ka mayar. Mutanen suna da tsari, ba sa son a riƙe musu kaya."

Ya kama hannun keken. 'Yar Wu ta riƙe masa ƙofa.

Tagar tana kallon hanyar da muka hawo. Na jingina da bango na kunna wayar. Ga Alhaji Tasi'u cikin shaddarsa mai aiki, hula ta karkace, yana gangara da keken guragu babu kowa a ciki, keken yana jan sa yana turjewa, ma'aikata masu cin abincin rana a bakin hanya suna bin sa da kallo. Na ɗauke shi a bidiyo har ya sha kwana. Sannan na juyo da wayar na nuna ƙafafuna a tsaye, na ɗaga ta zuwa fuskata.

"Jama'a, na gode da addu'a, ta karɓu. Wancan Alhaji Tasi'u ne yake mayar da keke, Allah ya saka masa daidai da abin da ya yi min. Masu jiran kayan Sallah, a tuntuɓe ni."

Na tura shi kowane guruf da nasa ya shiga. Ban ƙara kalma ɗaya ba. 'Yan kasuwa ba yara ba ne, sun haɗa bidiyo biyu sun karanta. Kafin mota ta mayar da ni gidan tsofaffin wayata ta yi zafi. Cikin wata guda mutum shida suka janye dakon kayansu daga hannunsa, ba ni na ce su janye ba, kuma ban ce kada su janye ba.

Na koma gidan na ƙarasa sati uku, don ƙafa ba ta san an ci nasara ba. Gwiwar ta kumbura, Malama Lin ta yi min faɗa kwana biyu, a rana ta uku ta ce in sake nuna mata bidiyon. Keken na same shi a bakin ƙofa, an goge shi tas. Tsoho Chan ya ƙi karɓar sandarsa.

Ranar da na dawo daga wurin Wu, bayan la'asar, na sa Rabi ta kai wa Inna waya. Ta rame, idanunta sun faɗa. Ta ƙare min kallo.

"Tashi in gani."

Na ba Chan wayar ya riƙe, na tashi.

"Yi tafiya."

Na yi, har ƙofa na dawo. Ta rufe fuska da mayafi. Da ta buɗe sai ta ce a kawo mata fura. Sannan ta ce, "Shi wannan yaron, uwarsa ta zo nan tana kuka. Ka bar shi da Allah, ka ji ko?"

"Na bar shi da Allah, Inna."

Ban yi mata ƙarya ba. Ban kai shi ƙara ba, ban tare shi a hanya ba, idan muka haɗu a Xiaobei ya yi sallama ina amsawa. Amma ba ta ce in goge bidiyon ba, ni ma ban tuna mata ba. Har yau ƙafar dama tana ja idan sanyi ya shigo, kuma Malama Lin ta rubuta min motsa jikin da zan riƙa yi kullum da safe har ƙarshen raina. Akwai safiyar da jiki yake cewa a bari sai gobe. Sai in ɗauko waya in kalli mutumina yana gangara da keke, hula a karkace. Kafin ya sha kwana na miƙe.